Titin jirgin sama: me ke lalata kwaltarsa, me ke sa ta santsi, kuma yaya ake sa ta daɗe?

A watan Maris na 2017 aka rufe filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe da ke Abuja har tsawon mako shida, aka karkatar da jirage zuwa Kaduna. Yawancin kamfanonin jiragen ƙasashen waje suka ƙi zuwa can, sai na Habasha ne ya amince. Dalilin rufewar guda ne: titin sauka da tashi ya ƙare. An shimfiɗa shi a 1982 da lissafin zai yi shekara 20, aka bar shi yana aiki har ya kai 35. Ga wasu tambayoyi da irin wannan lamari kan jawo, da amsoshinsu.

Kwalta ai kwalta ce. Me ya bambanta ta filin jirgi da ta babbar hanya?

Kayan haɗin ɗaya ne: tsakuwa, yashi, garin dutse, da baƙin danƙon da ake samu daga tace ɗanyen mai. Danƙon bai wuce kashi 5 zuwa 6 cikin 100 na nauyin haɗin ba. Kamar kantun riɗi ne, riɗin shi ne jiki, sukari kuwa riƙewa kawai yake yi. Tsakuwa ce ke ɗaukar kaya, danƙo ya hana ta watsewa, ya kuma tare ruwa.

Bambancin yana ga abin da ake ɗora wa titin. Jirgin Boeing 777-300ER idan ya cika da mai da fasinja yana kai tan 351, kuma kusan duk wannan nauyi yana kan tayoyi 12 ne, ke nan kowace taya tana danna ƙasa da fiye da tan 25. Iskar tayar ƙaramar mota ba ta wuce 30 zuwa 35 a ma'aunin masu faci, ta babban jirgi kuwa tana haura 200. Mutane da yawa na zaton lokacin sauka ne titi ya fi shan wahala. A zahiri jirgi mai sauka ya riga ya ƙone mafi yawan mansa, fikafikansa kuma suna ɗauke da shi. Inda kwalta ke jin jiki shi ne bakin titi, wurin da jirgi mai shirin tashi ke tafiya a hankali da cikakken nauyinsa, yana juyawa, tayoyinsa na murza saman titin.

Akwai kuma maganar tsakuwa. A babbar hanya idan ta ɓalle, sai dai ta fasa gilashin mota. A filin jirgi injin na iya zuƙe ta. Wani ɗan guntun ƙarfe da ya faɗo daga wani jirgi ne ya fasa tayar jirgin fasinja samfurin Concorde a birnin Paris ranar 25 ga Yuli, 2000, mutum 113 suka rasu. Shi ya sa titin da ya fara zubar da tsakuwa ake ɗaukarsa a matsayin haɗari tun kafin rami ya fito.

To me ke kashe titin?

Rana da ruwa, kuma tare suke aiki. A bazara, a wurare irin su Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Yamai, zafin saman kwalta kan wuce digiri 60. Danƙon ya yi laushi, tayoyi su riƙa bin sawu ɗaya, sannu a hankali wurin ya lotsa ya zama kwari. Wannan ba matsalar ƙasashe masu zafi kaɗai ba ce: a Yulin 2022, lokacin da zafi ya kai digiri 40 a Birtaniya, sai da aka dakatar da jirage na wasu sa'o'i a filin Luton saboda wani sashe na titin ya ɗago.

Shekaru na tafiya, rana da iska suna busar da danƙon, baƙinsa ya koma toka-toka, ya yi tauri ya daina miƙewa. Daga nan sai tsagewa. Damina na zuwa ruwa ya bi tsagar ya shiga, ya raba danƙo da tsakuwa, ya gangara ya jiƙa marmarar da ke ƙasa. Ƙasan da ya jiƙe ba ya ɗaukar nauyi, don haka saman ya ƙara tsagewa, ruwa ya ƙara samun ƙofa. A nan ne gyaran da zai ci kuɗi kaɗan ke rikiɗewa ya zama sake gini. Duk wanda ya ga an bar ciyawa ta toshe magudanar da ke gefen titi, to ya ga farkon lalacewar titin, ko da samansa na sheƙi.

Man jirgi ma abokin gaba ne. Kananzir ne, kuma yana narkar da danƙon kwalta idan ya zuba.

Me ya sa ake yi wa titin tsage-tsage da gangan?

Saboda ruwan sama. Birki na kamawa ne idan roba ta taɓa dutse. Idan ruwa ya kwanta a titi kuma jirgi na gudu, taya ba ta samun damar ture ruwan gefe, sai ta hau kansa ta riƙa sulɓi, birki da sitiyari duk su zama banza. Masu bincike na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, sun yi aiki sosai a kan wannan a shekarun 1960. Bisa lissafinsu, taya mai iska 200 kan fara hawa ruwa a gudun kusan kilomita 235 a sa'a, wanda bai yi nisa da gudun da manyan jirage ke sauka da shi ba.

Binciken nasu ya taimaka wajen yaɗuwar dabarar yanka ƙananan kwatoci a gicciye da zarto mai bakin lu'ulu'u. Ma'aunin da hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka ta tsayar shi ne faɗi milimita 6, zurfi milimita 6, tsakanin kowace da 'yar'uwarta milimita 38. Ruwan da ke ƙarƙashin taya sai ya sami hanyar tsira. Ana kuma ɗan ɗaga tsakiyar titi, a ba shi gangare na kashi 1 zuwa 1.5 cikin 100 zuwa gefe, don kada ruwa ya tsaya tun farko.

Amma kwatocin ba su isa su kaɗai ba. Kowace tsakuwa sai ta kasance mai kaushi a jikinta, domin wannan ɗan kaushin ne ke huda siririn ruwan da ya rage. Dutsen da ke gogewa ya yi sumul da wuri bai dace da saman titi ba, komai arharsa da kusancin inda ake fasa shi.

Ana yawan ambaton haɗarin filin Congonhas na birnin Sao Paulo a Birazil, ranar 17 ga Yuli, 2007, inda mutum 199 suka rasu. An sabunta kwaltar titin amma ba a kai ga yanka kwatocin ba, ana kuma ruwa. Bincike ya nuna babban sanadin yana ga yadda aka bar maƙurar injin ɗaya ba a mayar da ita baya ba, don haka bai kamata a ɗora wa titin laifin duka ba. Sai dai kwana ɗaya kafin nan wani ƙaramin jirgi ya zame ya fita daga wannan titi, kuma wannan gargaɗi ne da ya isa a ji.

Wannan baƙin tabon da ake gani inda jirage ke dira fa?

Roba ce. Kafin jirgi ya taɓa ƙasa tayoyinsa ba sa juyawa, da zarar sun taɓa dole su kai gudun jirgin nan take, hayaƙin da ake gani ke nan. Kowace sauka na barin ɗan ɓawon roba, ya taru ya rufe kaushin tsakuwa, ya cike kwatocin. Idan titi a bushe yake ba a jin komai, ranar da aka yi ruwa sai wurin ya zama mafi santsi a duk titin. Ana kankare ta da ruwa mai tsananin ƙarfi, ko da sinadari, ko da harbin ƙananan ƙwallayen ƙarfe. Aikin na buƙatar gwani, don idan ƙarfin ruwan ya yi yawa, da roba da danƙon kwalta zai kwashe.

Ta yaya ake sanin titi ya yi santsi kafin wani abu ya faru?

Akwai na'urori irin su Mu-Meter da GripTester da mota ke ja a kan titi, suna fesa ruwa mai kaurin milimita 1 a gaban wata taya suna auna yadda take kamawa. Sakamakon ne ke nuna lokacin kankare roba ko sabunta sama. Ban da wannan, tun Nuwamban 2021 ICAO, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ta kawo tsari ɗaya na duniya na sanar da matuƙi halin da titi ke ciki, da lamba daga 6 zuwa 0. Busasshe shi ne 6, mai laima 5, idan ruwan da ya kwanta ya wuce milimita 3 sai a sauko zuwa 2. Da wannan lamba matuƙi ke lissafa tsawon titin da zai buƙata kafin ya tsaya.

Me zai hana a yi da kankare kawai a huta?

Kankare ya fi daɗewa, ba ya lotsawa da zafi, mai ba ya cin sa, shi ya sa ake yin wurin ajiye jirage da shi. Amma ya fi tsada a farko, yana son kwanaki kafin ya yi ƙwari, gyaransa kuma na da wuya. Kwalta kuwa ana zuba ta da dare jirgi ya hau da safe.

Wane haɗi ne ya fi jurewa?

A ƙasa mai zafi, mafi amfani shi ne gauraya danƙon da wani nau'in roba na masana'anta, wanda ke hana shi narkewa da rana, ya kuma ba shi damar miƙewa ya dawo. Ɗan garin siminti ko farar ƙasa a cikin haɗin na taimaka wa danƙo ya manne wa tsakuwa ko da ruwa ya shiga. Akwai kuma wani haɗi da Jamusawa suka ƙirƙiro a shekarun 1960, mai yawan manyan tsakuwa da ke jingine da juna, da danƙo mai yawa a tsakani. Ba ya lotsawa da sauƙi, samansa kuma na da kaushi.

Duk da haka, a ganina, rabin ƙarkon titi a hannun ma'aikata yake ranar zubawa. Idan kwalta ta huce a mota kafin a shimfiɗa, ko rola ba ta danne ta yadda ya kamata ba, ko aka yi sakaci a mahaɗar layi da layi, to iska da ruwa sun sami wurin zama, kuma tsadar danƙon ba za ta hana komai ba.

Ina batun kare muhalli ya shigo?

Kwalta ta gargajiya sai an dafa ta zuwa digiri 150 ko fiye, abin da ke cin mai da fitar da hayaƙi. Yanzu akwai sinadarai da dabarun da ke rage wannan zafi da digiri 20 zuwa 40. Filin Logan na birnin Boston ya yi amfani da irin wannan a titinsa tun 2008. Hanya ta biyu ita ce niƙa tsohuwar kwaltar da aka kankare a mayar da ita cikin sabuwa. A nan masu filayen jirgi na taka-tsantsan, kuma suna da gaskiya: tsohon danƙo ya bushe, yana saurin tsagewa. Ƙa'idar Amurka ta yarda a sa har kashi 30 cikin 100 a shimfiɗun ƙasa da kafaɗun titi, ban da saman da taya ke takawa.

Akwai lissafin da ake yawan mantawa da shi. Titin da ya yi shekara 15 kafin a sabunta samansa ya fi wanda ya yi 8 sauƙi ga muhalli, domin kowane sabuntawa na nufin fasa dutse, dafa danƙo da ɗaruruwan lodin tifa. Haɗin da ya rage hayaƙi ranar zubawa amma ya rage wa titi shekaru, asara ce ta fuska biyu.

Dole ne sai an rufe fili kafin a gyara?

A'a, idan an yi a kan kari. Filin Gatwick na Landan, duk da cunkosonsa, da dare ake sabunta saman babban titinsa: a kankare wani yanki, a zuba sabuwa, a share, a duba, a buɗe da asuba. Hakan na yiwuwa ne idan lalacewar ba ta wuce sama ba. Toshe tsaga kafin damina, yashe magudanai, kankare roba da sabunta sama duk shekara 10 zuwa 15 ayyuka ne da ake yi jirage na tashi. Idan ruwa ya riga ya ci ƙasan titin, sai an tone, kuma filin da ke da titi ɗaya tak ba shi da inda zai tura jiragensa. Abin da ya sami Abuja ke nan a 2017, ya kuma sami filin Akanu Ibiam na Enugu, wanda aka rufe a Agustan 2019 ba a sake buɗe shi ba sai Agustan 2020.