Darasin farko na tuƙin jirgi a Zariya: abin da doka ta hana da abin da ba ta hana ba

Duk lokacin da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, wadda mutanen gari ke kira Abiyeshan, ta buɗe ɗaukar ɗalibai, sai saƙonni su fara yawo a WhatsApp. Wai mai sa gilashi ba ya tuƙa jirgi. Wai mai rukunin jini AS, wato mai ɗauke da gadon sikila ba tare da ciwon ba, kada ma ya wahalar da kansa. Wai mai zane a fuska ko tabon tiyata, fatarsa za ta tsage a sama. Na baya-bayan nan kuwa cewa yake duk wanda ya taɓa sitiyarin jirgi ba lasisi ya yi laifin ɗauri, ko da malami na zaune kusa da shi. Iyaye su karanta, su hana yaro sayen fom, shi ke nan an gama da shi tun bai ga ƙofar makarantar ba.

Mai iko da wannan fanni ita ce hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, a ƙarƙashin dokar sufurin jiragen sama ta 2022. Ƙa'idojinta na ba da lasisi kuma a kan mizanin ICAO aka gina su, wato hukumar sufurin jiragen sama ta duniya mai hedikwata a Kanada, wadda ta taimaka wajen kafa kwalejin Zariya a 1964. Sun shafi ɗalibi, da malaminsa, da makarantar, da likitan da ke gwajin.

Batun ɗauri dai babu shi. Ƙananan jiragen koyo irin su Diamond, da ake gani suna shawagi a kan Palladan da Samaru, kujerun gaba biyu ne, kowace da nata abin sarrafawa. Ɗalibi na hagu, malami na dama. Kafin a tashi ma sai sun zagaya jirgin a ƙasa, malami ya tatsi mai daga ƙarƙashin fiffike cikin ƙaramin kofi, ya ɗaga shi sama a duba ko akwai ruwa kwance a gindinsa. In sun ɗaga suka daidaita, malami ya ce jirgi na hannunka, ɗalibi ya amsa da baki cewa ya karɓa. Wannan ba saɓa doka ba ne, koyon ke nan. A idon doka malamin shi ne shugaban jirgi tun daga tashi har sauka, lasisinsa ne ke ɗauke da su duka biyun, shi za a tuhuma in wani abu ya faru.

Inda doka ta ja layi shi ne ranar da ɗalibi zai tashi shi kaɗai, kuma a nan mutane ke ruɗewa. Kafin ranar dole ya kai shekara 16, ya mallaki izinin ɗalibta daga hukuma, yana da takardar lafiya aƙalla mai daraja ta biyu (mai daraja ta ɗaya ta fi ta tsauri) wadda ba ta ƙare ba, malaminsa kuma ya sa hannu a littafin sa'o'insa cewa ya isa. Ko an sake shi, ba ya ɗaukar fasinja. Aboki ne, ƙane ne, mahaifin da ya biya kuɗin makaranta ne, duk ɗaya. Ba ya kuma tashi sai inda malami ya yarda, lokacin da ya yarda. Don haka wanda ya ce maka ɗalibi ne shi kuma zai zaga da kai gari, kada ka hau.

Sai dai a bambance tsakanin abin da doka ta ce da abin da makaranta ta shar'anta. Makaranta na iya neman takardar lafiya tun kafin rajista, ta nemi kiredit a Turanci da lissafi da fiziks. Tsarinta ne, tana da damar yi. Amma ba shi ke nuna cewa zama kusa da malami laifi ba ne.

Gwajin lafiyar kuwa ba kowane likita ke yi ba, sai wanda NCAA ta amince da shi. Mizanin ICAO a kan ido cewa ya yi mutum ya iya gani zuwa wani mataki, da gilashi ko babu. A ma'aunin allon gwajin ido, mai daraja ta biyu 6/12 ake nema a kowane ido, mai daraja ta ɗaya 6/9, wanda ya fi kaifin gani. Wanda sai da gilashi yake kaiwa, ana rubuta masa sharaɗin ya riƙa sawa, ya kuma ajiye wani na ko-ta-kwana a kusa. Matuƙa masu gilashi sun yi yawa a ƙirga. Game da AS, ƙa'idar ta faɗa a fili cewa galibi ba ya hana a ba mutum takarda. Ciwon sikila kansa shi ne wani zance daban. Zane da tabo kuma ba su cikin lissafi, sai in tiyatar ta bar wata matsala a jiki. Ina jin an ɗebo wannan jita-jitar ne daga labaran shiga soja aka liƙa wa farar hula.

Wani abin da ke kayar da mutane, ba a ma cika maganarsa ba, shi ne rarrabe launi. Likita zai buɗe maka littafi mai ɗigo-ɗigo kala-kala, ya ce karanta lambar da ke ɓoye a ciki. Akwai samari da yawa da ba su san ja da kore na rikice musu ba sai ranar. Ba ƙeta ba ce: fitilar fiffiken hagu ja ce, ta dama kore, in rediyo ya mutu kuma da hasken fitila masu kula da filin ke ba da umarnin sauka. Ko a nan ICAO ta bar ƙofa, ana iya ba da takarda mai daraja ta biyu da sharaɗin tashin rana kawai. Aikin kamfani dai ya kuɓuce.

Hukuncin da ya kamata a ji tsoro na ƙarya ne. Akwai fom da mutum ke cikewa ya sa hannu, ana tambayar ko ya taɓa suma, ko farfaɗiya, ko yana shan wani magani. In likita ya gano an ɓoye wani abu, wajibi ne ya kai wa hukuma rahoto, ita kuma tana da ikon hana takarda, ko dakatar da lasisi, ko soke shi. Mai ciwon da aka bayyana sau da yawa ƙarin gwaji ake sa shi, a ba shi takarda da sharaɗi. Wanda ya ɓoye aka kama, yardar ce ta tafi, ga miliyoyin da aka kashe. Masu ba yara shawarar su yi shiru a gaban likita cutar su suke yi.

A nan ban ga laifin dokar ba. Inda take ba ni haushi shi ne ta ƙyale mutum ya fara da takarda mai daraja ta biyu ba tare da an ja masa kunne ba. Lasisin tuƙi na ƙashin kai yana buƙatar shekara 17 da sa'a 40 a sama, 10 daga ciki shi kaɗai, amma ba a karɓar ko kwabo da shi. Na sana'a shi ke buƙatar shekara 18, da sa'a 200, ko 150 a kwas ɗin makarantar da aka amince da ita, da takarda mai daraja ta ɗaya. Ɗan mai hali in ya faɗi wannan gwajin bayan ya yi nisa, ya koma wani karatun. Wanda aka sayar da gona saboda shi, ko jiha ta ɗauki nauyinsa sau ɗaya tak, ba shi da wata damar. Duk mai niyyar cin abinci da tuƙi, ya nemi gwajin daraja ta ɗaya tun kafin a biya kuɗin darasin farko, ko da ba a tilasta masa ba.

In kuma an sa ranar darasin farko a cikin hunturu aka wayi gari aka ɗage, ba wulaƙanci ba ne. Darasin farko da ido ake yin sa, ƙa'idar irin wannan tashin tana neman a iya hangen kilomita 5, hazon Zariya a Disamba da Janairu kuwa yakan rufe abin da bai kai haka ba.