Idan An Ɗebi Jinin Ɗanki Don Kiwon Ƙwayar Maleriya: Me Doka Ta Ce?

Wata maƙwabciyarmu a unguwar Nima da ke Accra, babban birnin Gana, ta kai ɗanta asibiti da zazzaɓi. Bayan an ga maleriya ce, sai wata ma'aikaciya ta miƙo mata takarda, wai suna neman izinin ɗibar ɗan jini "don bincike". Ta dawo gida da takardar a ninke cikin gefen zani, tana tambayata: "Malam, ba sayar da jinin za su yi ba kuwa?"

Abin da ake yi da irin wannan jini kiwo ne. Ƙwayar da ke kawo zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, Plasmodium falciparum, halitta ce mai rai da ke zaune cikin jajayen ƙwayoyin jini. Tun 1976, da Trager da Jensen suka gano dabarar a Amurka, ana raya ta cikin kwalba: jinin mutum, ruwan abinci mai suna RPMI 1640, da ɗumi na digiri 37 kamar na jiki. Da haka ake gwada ko magani na kashe ta ko ta fara taurin kai. Cibiyar Noguchi da ke Jami'ar Gana a Legon, wadda aka buɗe a 1979, da cibiyar bincike ta KCCR a jami'ar KNUST ta Kumasi suna cikin manyan wuraren binciken cututtuka irin wannan. Ana raya wasu ƙwayoyin cutar ma, kamar ƙwayar sammore da ke ramar da shanu.

Ba doka guda ce ta rufe wannan aiki a Gana ba. Dokar 829 ta 2011 ta kafa hukumar HeFRA, mai ba wuraren kiwon lafiya lasisi, har da ɗakunan gwajin jini. Dokar 857 ta 2013 kuma ta ce shi kansa mai aikin gwajin sai ya yi rajista da majalisar sana'arsa. Mutane kan ji sunan Dokar 831 ta 2011 su ɗauka ita ce ta ƙwayoyin cuta gaba ɗaya, alhali ita kan halittun da aka sauya wa ƙwayar gado take magana. Sai an taɓa gadon ƙwayar ne take shigowa.

Wurin da ya fi shafar mai zaman zango shi ne izini. Bincike ba ya farawa sai kwamitin ɗa'a, kamar na Hukumar Lafiya ta Gana ko na cibiyar da ke aikin, ya duba ya amince. Ƙa'idarsu ita ce a yi miki bayani da yaren da kike ji. In Hausa kike ji, karanta miki Turanci da sauri bai zama bayani ba. Za a faɗi yawan jinin, abin da za a yi da shi, ko za a ajiye shi, ko za a fitar da shi waje. Wadda ba ta karatun boko za ta dangwala yatsa a gaban shaida. Yaro kuwa sai uwa ko uba ko mai riƙonsa ya yarda. Kina iya ƙi, kuma ba a isa a hana ɗanki magani saboda kin ƙi ba. Kina iya janyewa daga baya. A ganina nan ne aka fi sakaci, domin mutanenmu na jin nauyin ce wa mai farar riga a'a.

A cikin ɗakin gwajin, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ake bi, wadda aka sabunta littafinta a 2020. Wannan ƙwaya ba ta bin iska, haɗarinta allura ce ko rauni a hannu ko sauro. Shi ya sa safar hannu dole ce, ba ci ba sha a ciki, kuma duk kwalbar da aka gama da ita sai an turara ta a digiri 121 kafin a zubar. In za a tura samfur ƙasar waje, sai da yarjejeniya a rubuce da marufi hawa uku.

Maƙwabciyar tamu ta koma washegari ta ce a kira mata mai jin Hausa. Aka kira. Ta yarda a ɗebi jinin, amma ta sa a soke layin da ke cewa za a ajiye shi don wani binciken gaba, ta kuma karɓi nata kwafin takardar mai lambar wayar kwamitin a ƙasa.