Malejin mota bayan canjin giyabos

Maleji shi ne agogon nan da ke gaban direba mai nuna gudun mota, kuma yana daga cikin abubuwan da suka fi saurin rikicewa idan aka sauke giyabos aka ɗora wani, musamman in wanda aka ɗora ba irin na asali ba ne, misali an cire otomatik an sa manuwal, ko an ɗauko na wata shekara daban. Wani lokaci allurar ta kwanta a sifiri kamar ta mutu, wani lokaci ta riƙa rawa, wani lokacin kuma tana tashi lafiya lau amma ƙarya take yi, wannan na ƙarshen ma ya fi haɗari don mai mota ba ya ganewa da wuri.

Maleji dai bai san gudu ba, juyi kawai yake ƙirgawa. An saita shi tun daga kamfani cewa juyi kaza daidai yake da kilomita ɗaya, to duk abin da ya taɓa wannan lissafin, giyabos ne, aksul ne, girman taya ne, allura za ta nuna wani abu daban.

Mai kebul

Tsofaffin motoci kebul ne ke juya malejinsu. Wannan tsari ya daɗe, wani injiniya Bajamushe Otto Schulze ne ya yi rajistar ƙirarsa a 1902. A bakin shaf ɗin da ke fitowa daga giyabos akwai wata giya, ita ke juya wata 'yar ƙaramar giya galibi ta roba, ita kuma ta juya kebul, kebul ya juya maganaɗisu a bayan agogon, maganaɗisun ya ja wani ɗan kofi na alminiyom da allura ke manne da shi, wani ɗan sifirin, wato nannaɗaɗɗiyar waya siririya kamar gashi, yana riƙe da ita kada ta wuce gona da iri. Motocin Amurka da yawa an yi su ne kebul ya juya sau 1000 a mil ɗaya, na Japan kuma sau 637 a kilomita, wasu ma in ka duba ƙasan fuskar agogon da kyau za ka ga an rubuta 637 ɗin da ƙananan lambobi.

A nan 'yar giyar robar nan ita ce komai. Kamfanoni suna yin ta da yawan haƙora daban-daban, sau da yawa kowacce da launinta, saboda ta dace da aksul da tayar motar da aka yi ta dominta. To kaga giyabos ɗin da aka ciro daga wata mota da haƙoran waccan motar ya zo. Lissafin ba wuya: in allura ta nuna 110 alhali ainihin gudun 100 ne, kuma giyar mai haƙora 20 ce, sai a nemi mai 22, wato ƙarin haƙora yana rage abin da allura ke nunawa, ragin haƙora yana ƙarawa. In ba a samu mai adadin da ake so ba akwai ɗan akwatin giya da ake ɗaurawa tsakanin giyabos da kebul ya gyara bambancin.

In kuwa allurar ba ta motsi ko kaɗan, makanikai suna kwance kebul daga ƙasa su kama bakinsa da injin huda su juya, a gwada hagu a gwada dama, wani yana zaune a ciki yana kallo. Ta tashi, to kebul da agogo lafiyarsu ƙalau, matsalar tana cikin giyabos, ko haƙoran sun cinye ko ma giyar ciki babu ita gaba ɗaya. Bakin kebul ɗin mai kusurwa huɗu ne, in bai zauna daram a raminsa ba giya za ta yi ta juyawa a banza. Rawar allura kuma yawanci kebul ne ya bushe ko aka lanƙwasa shi da yawa wajen mayar da kaya.

Mai sansa

Daga shekarun 1980 zuwa 1990 aka koma sansa, ita ce ke aika siginal ta waya zuwa agogo ko kwamfutar mota. Iri biyu aka fi gani. Mai waya biyu da kanta take samar da 'yar wuta duk lokacin da haƙorin ƙarfe ya gifta gabanta, ƙarfin wutar yana ƙaruwa da gudu, shi yasa wani lokaci a hankali ba ta karantawa sai mota ta ɗan miƙe. Mai waya uku kuwa sai an ba ta wuta da at, wato wayar da ake haɗawa da ƙarfen jikin mota, waya ta ukun ce siginal, kunnawa da kashewa kawai take yi. Agogon da aka yi wa ɗaya ba lallai ya ji yaren ɗayar ba ko da soket ya shiga, kuma nan ne masu wayarin da yawa suke ɓata yini suna canza sansa sabuwa bayan sabuwa alhali ba ita ce da laifi ba.

Sai kuma yawan bugun, wato sau nawa sansa ke aika siginal a mil ɗaya. Tsofaffin motocin kamfanin General Motors (GM) da yawa bugu 4000 suke jira a mil ɗaya, na Ford 8000, kaga in aka haɗa wannan da wancan allura ko ta nuna rabi ko ninki. Maganinsa akwatin canza siginal, irin wanda kamfanin Dakota Digital ke yi, ko a sake saita lambar a kwamfuta in motar ta yarda. In agogon na kebul ne giyabos kuma na sansa, akwai akwati mai ɗan moto a ciki da ke karɓar siginal ya juya kebul ɗin. Wasu kuma ba sa son dogon turanci sai su sa maleji mai GPS, yana aiki, sai dai yana ɗaukewa a ƙarƙashin ƙasa ko tsakanin dogayen gine-gine, kuma in ba a haɗa shi da kwamfuta ba ita har yanzu a makance take.

Wannan makantar ba ƙaramin abu ba ne, don ba agogo kaɗai ke cin siginal ɗin ba. Giya otomatik da shi take sanin lokacin canji, kurus kwantirol, wato na'urar da ke riƙe gudun mota ba sai an taka totur ba, da shi yake aiki, sitiyari mai lantarki da shi yake sanin yaushe zai yi nauyi, wasu motocin ma har mutuwa suke yi in aka taka birki za a tsaya. In aka jona na'urar bincike lambar matsalar da ta fi fitowa ita ce P0500. A wasu motocin otomatik kuma siginal ɗin sai ya bi ta kwamfutar giya kafin ya isa agogo, to ranar da aka cire ta aka sa manuwal hanyar ta yanke, dole a ja sabuwar waya.

Motocin baya-bayan nan da yawa daga sansar ABS ta ƙafafu, wato ta tsarin da ke hana taya kullewa in an taka birki, suke ɗaukar gudu, su canjin giyabos bai cika taɓa malejinsu ba, in ya mutu a duba soket ko wayar at da aka manta ba a mayar ba.

Aksul da taya

A mota mai ja da ƙafafun baya ana ɗaukar juyi ne kafin aksul, don haka canza aksul ma yana sa maleji ƙarya. Mai ja da ƙafafun gaba yawanci daga jikin difarenshiyal, wato giyar da ke raba juyi ga ƙafafun biyu, ake ɗauka, tare yake juyawa da ƙafafu. Taya babba kuma tana sa allura ta nuna ƙasa da gaskiya.

Wajen gwaji ana kwatanta allura da GPS na waya a miƙaƙƙen titi, a gudu biyu ko uku, kada a tsaya kan ɗaya. In kason kuskuren cikin ɗari iri ɗaya ne a kowane gudu, haƙora ne ko yawan bugu, in kuwa yana canzawa to agogon kansa ne. Kuma kada a tada hankali in allura ta ɗan ɗara GPS da kaɗan, da gangan ake yin hakan, ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 39 da ƙasashen Turai ke bi ta hana maleji nuna ƙasa da ainihin gudu, sama kuma ta ba shi damar kashi 10 cikin 100 da ƙarin kilomita 4 a awa.