Mece ce filashar gama-gari, kuma yaya ake haɗa ta da kyamarar fim mai sarrafa kanta?

Filashar gama-gari ita ce fitilar walƙiya ta ɗaukar hoto wadda ba a ƙera ta don wata kyamara takamaimai ba. Juya ƙafarta, wato gindin da ake maƙalawa a saman kyamara, ka duba, ƙusar ƙarfe ɗaya tak za ka gani a tsakiya. Ta keɓe kuwa tana da ƙarin ƙananan ƙusoshi, da su take sanar da kyamara cewa ta cika caji, kyamarar ta saita gudun shata (labulen da ke buɗewa haske ya isa ga fim) da kanta, wasu ma su auna hasken ta cikin lens, abin da ake kira TTL. Ƙusar nan guda aikinta ɗaya ne: lokacin da shata ta buɗe, ta ce wa filasha "haska".

Ke nan kyamara ba ta san an ɗora mata filasha ba, kuma daga nan matsala ke farawa. In ka bar ta a kan P ko A, wato saitin da take zaɓar gudun shata da kanta, cikin duhu, sai ta ja shata ta daɗe a buɗe, hoto ya fito da jirwaye. A cikin rana kuma sai ta zaɓi gudun da ya wuce kima, labulen shata ya tare wani ɓangaren fim lokacin da filasha ta haska, haskenta ya faɗa a kan wani ɓangaren hoton kaɗai.

Maganin shi ne ka karɓe ragamar. Mayar da kyamara kan M (saitin hannu) ko X (saitin filasha), ka sa gudun da ya dace da filasha ko ƙasa da shi: 1/60 na daƙiƙa a Canon AE-1 da Minolta X-700, 1/125 a Nikon FE da Pentax ME Super. A kan AE-1, lallai ka cire zoben saita ƙofar haske na lens daga alamar A da ke jikinsa, in ba haka ba kyamara za ta wangale ƙofar, fuskoki su yi fari fat.

Sai girman ƙofar hasken. Kowace filasha tana da lambar jagora, wadda ke nuna ƙarfin haskenta; raba ta da nisan abin da za ka ɗauka, ka sami lambar f, wato girman ƙofar da za ka sa a kan lens. Filashar Vivitar 283 tana da 36 in an auna nisa da mita, da fim mai ISO 100 (ISO shi ne ma'aunin saurin kama haske na fim), saboda haka daga mita 4.5 sai f/8. Da fim mai ISO 400 lambar ta ninka, ka koma f/16. In filashar tana da idon auna haske a gabanta, aiki ya sauƙaƙa: saita ISO a jikinta, sa lambar f da ta nuna a kan lens, kada yatsa ya rufe idon.

Abin da na fi so a kiyaye shi ne ƙarfin wutar da ke kan ƙusar nan. Wasu tsofaffin Vivitar 283 suna fitar da fiye da bolt 200, alhali yawancin kyamarorin Canon EOS na fim bolt 6 ne iyakarsu. Ɓarnar takan zo a hankali, har wata rana kyamara ta daina tayar da filasha. Kunna filashar, jira fitilar caji ta kama, ka ɗora tsinken mitar gwajin wuta ɗaya a ƙusar tsakiya, ɗayan a ƙarfen gefen ƙafa. In ƙarfin wutar ya zarce iyakar kyamararka, sa na'urar rage wuta irin Wein Safe-Sync tsakaninsu kafin ka ɗauki hoto ko ɗaya.