Zaɓen kafasitar haɗi a amfilifaya mai bawul: tambayoyi da amsoshi

Mene ne aikinta?

Bawul kwalbar gilashi ce da ke ƙara ƙarfin sauti. Kafasitar haɗi tana zama ne tsakanin anod (inda sauti ke fita) na bawul na farko, kamar ECC83, da girid (inda sauti ke shiga) na bawul na gaba. A kan anod akwai wutar DC da takan kai 150V zuwa 250V, shi kuwa girid ba ya son ko kaɗan daga cikinta. Kafasitar ita ke tare DC ɗin, ta bar sauti ya wuce.

Wane girma ya dace?

Rezistar girid, wato wadda ke haɗa girid da ƙasa, ita ke yanke hukunci. Lissafin shi ne f = 1/(2πRC), inda R ke nufin rezistar, C kafasitar, f kuma mitar da sautin da ke ƙasa da ita ke raguwa. Idan rezistar 470k ce, 0.022µF za ta fara rage sauti a wajen 15Hz, 0.047µF kuma a wajen 7Hz. Ga sauraren kiɗa, 0.047µF ta wadatar. Idan rezistar 220k ce, sai a tashi zuwa 0.1µF.

Kada a ce babba ta fi. In aka ƙure murya, girid yakan ja wuta ya cika kafasitar, babba kuma takan jima ba ta sauke cajin ba, sai sauti ya riƙa shaƙewa. A amfilifayar da ake mayar da wani ɓangaren sauti baya kuwa, girman da bai dace ba kan sa lasifika ta yi ta "fut-fut-fut".

Ƙarfin bolt fa?

A sayi mai 630V. Da zarar an kunna, kafin bawul ya yi zafi, anod yakan hau har cikakken ƙarfin wutar, musamman idan dayod ne, ba bawul ba, ke mayar da wutar zuwa DC. Mai 400V sai inda wutar ba ta da yawa.

Wane iri ne mai kyau?

Mai fim ɗin robar folifurofilin ita ce zaɓi na farko, mai foliyesta ma ba laifi. A guji ilektirolitik da tsofaffin na takarda, domin yoyo suke yi, wato suna barin DC ta wuce. Masu tsadar gaske da ake zuzutawa, a ganinmu, kuɗinsu ya fi amfaninsu.

Yaya ake gane mai yoyo?

A cire bawul na ƙarshe, a kunna, a auna DC a ƙafar girid. In bayas ɗin (saitin wutar da bawul ke ja) na katod ne, wato rezistar da ke ƙafar katod ke samar da shi, mita ta nuna kusan sifili. Yoyon 1µA kacal a kan 470k yana ba da kusan rabin bolt. In ya yi yawa, bawul na ƙarshe, kamar EL84, zai ja wuta fiye da kima, anod ɗinsa ya yi jajir, taransfoma ma tana iya ƙonewa. Kafin a taɓa ciki da hannu, a kashe, a sauke cajin manyan kafasitoci ta rezista, a tabbatar da mita.