Waiwaye: Waɗanda Suka Dawo Gida da Tsoro a Ƙirji

Tun daga Nuwamban 2024, lokacin da sunan ƙungiyar 'yan bindigar Lakurawa ya cika gidajen rediyo, muhawarar da ake yi a Sakkwato ta fi karkata ga bindigogi da shanun da ake karɓa da sunan zakka a Tangaza da Gudu. Kaɗan ne ke tambayar halin da saurayin da aka zane a bainar jama'a saboda askinsa, ko waƙar da ke wayarsa, yake ciki bayan shatin bulalar ya baje.

Ƙungiyar da ke mallake mabiyanta har ta yanke musu abin da za su ci da wanda za su aura ba baƙuwa ba ce a Arewa. Kowa ya san rikicin Maitatsine na Kano a Disambar 1980, wanda ya ci rayuka sama da 4,000, da tarzomar Boko Haram a Maiduguri ta Yulin 2009, kuma a duka biyun hankalinmu ya tsaya ne ga ƙirga gawawwaki.

Abin da ya kamata a tsaya a kai ya faru ne a Agustan 2009 kusa da Mokwa a jihar Neja, inda aka watsa zaman Darul Islam, wata al'umma ta dubban mutane da ta ware kanta tun shekarun 1990. Ba a samu makami a wurin ba, aka mayar da kowa jiharsa ta asali, maganar ta mutu cikin 'yan makonni. Amma matar da ta shafe shekaru ana gaya mata cewa duk wanda ke waje ɓatacce ne, yau ga ta a tsakar gidan mahaifinta, an miƙo mata kwanon tuwo tana ɗari-ɗari da hannun da ya tuƙa shi. Yaron da aka haifa a can bai san wata duniya ba sai wadda aka rushe a gabansa. Irin waɗannan mutane sukan yi fama da rashin barci, da faɗuwar gaba, da ciwon kai marar dalili, da kasa yanke shawara ko da a kan ƙaramin abu, domin an daɗe da raba su da nasu ra'ayin.

A ganina, nan muka yi sake a matsayinmu na dangi da maƙwabta. Mukan ce "ai ya dawo hanya", mu rufe zancen saboda kunya, idan kuma firgitar dare ta yi yawa mu ce iska ce. Asibitin masu taɓin hankali yana nan Kware kusa da Sakkwato, dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta maye gurbin ta 1958 tun a 2023, amma iyalai da yawa har yanzu sun gwammace su ɓoye ɗansu a ɗaki da a gan su a kan hanyar Kware, kada a ce gidansu akwai mahaukaci a fasa auren ƙannensa.