Waiwaye: Jan bas ɗin dogo da layukan karkarar Jamus

Tun da aka fito da tikitin Deutschlandticket a watan Mayun 2023, wanda ke ba mutum damar hawa jiragen ƙasa na kusa da bas-bas a duk faɗin Jamus da kuɗin wata guda, mutanen karkara ke tambaya: ina amfanin tikiti mai araha a garin da ciyawa ta rufe dogonsa? Wannan ya ƙara wa muhawarar sake buɗe tsofaffin layuka zafi. Wasu na ganin dole a dawo da su, wasu na cewa kuɗin ya yi yawa, bas ya wadatar. Abin da ke damuna shi ne yadda ake maganar mutuwar layukan kamar rana ɗaya ta faru, alhali sun daɗe suna jinya. Tarihin wani ɗan ƙaramin jirgi ja ya isa shaida.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kan jirgi mai kwal ne ke jan taragai a ƙauyukan Jamus ta Yamma. Yana buƙatar direba da mai zuba kwal da sa'o'i na hura wuta, ga fasinja ƙalilan. A 1950 masana'antar taragai ta Uerdingen ta fito da samfurin bas mai bin dogo, da injin dizal irin na manyan motoci a ƙarƙashin daɓensa. A 1952 aka fara ƙera VT 95 mai inji ɗaya, a 1955 kuma VT 98 mai inji biyu ya biyo baya, aka yi 329, yana gudun kilomita 90 a awa, har yana iya jan taragon kaya. Majinginar kujerunsa ana tura ta gaba ko baya, kowa ya fuskanci inda aka nufa, kuma babu bango tsakanin direba da fasinja, don haka 'yan makaranta kan yi rububin zama a bayansa su kalli dogo yana shigewa ƙarƙashinsu. Jamusawa suka yi masa laƙabi da mai ceton ƙananan layuka. Ya kai Austiriya da Luksambur, an ƙera irinsa a Sifaniya da Yugoslabiya.

Ceton na gaske ne, amma jirgin kaɗai aka sabunta. Rashin nauyinsa ya sa tsohon dogo na iya ɗaukarsa ba tare da gyara mai tsada ba, sai layuka da yawa suka zauna yadda suke: gudun kilomita 50 ko 60 a awa, da mahaɗar titi marar shinge inda dole direba ya rage gudu ya busa ƙaho. A waje kuwa tituna na ta kyau, motar gida na shiga kowane gida.

Inda aka fi mantawa shi ne shekarun 1974 zuwa 1986. A farkon shekarun 1970 jan bas ɗin ya soma tsufa, kuma hatsarin Dahlerau na 27 ga Mayun 1971, inda wani VT 95 ya yi taho-mu-gama da jirgin kaya, mutum 46 suka rasu, 41 daga ciki 'yan makaranta, ya tuna wa kowa raunin jikinsa da ƙarancin na'urorin tsaro a irin waɗannan layuka. Magaji ya zo a 1974, wato samfurorin 627 da 628, masu natsuwa a kan dogo da kujeru masu daɗi. Sai dai sun zo daidai lokacin da tashin farashin mai na 1973 ya girgiza tattalin arziƙi, asusun sufurin jiragen ƙasa na cikin giɓi, kuma sabon jirgin ya yi tsada ga layin da kuɗin shigarsa bai taka kara ya karya ba. Sai a 1986 aka fara ƙera 628 da yawa.

Shekara goma sha biyu ke nan, kuma a ganina nan ne ƙaddarar layuka masu yawa ta yanke. Yaron da ya fara hawa jirgin yana aji ɗaya ya gama makaranta ya samu lasin tuƙi, jirgin nan dai shi ne, da ƙarar injinsa da jijjigar ƙafafunsa huɗu a kowace gaɓar dogo. Fasinja ya ragu, sai a rage yawan zirga-zirga. An rage, sai ma'aikaci ya ga lokacin bai dace da aikinsa ba, ya koma mota. Daga nan a janye jirgin Asabar da Lahadi, ƙarshe a ƙirga sauran fasinjojin a ce layin ba ya biyan kansa, a sa bas a titi. Alƙaluman ba ƙarya suka yi ba, amma abin da suka auna tsohon jirgi ne a kan tsohon dogo, ba bukatar mutanen garin ba. Ba a fafe gora ranar tafiya: lokacin da magajin ya iso da yawa daga 1986, tashoshi da dama an riga an rufe su.

Canji ya zo a 1996, lokacin da tsara zirga-zirgar jiragen kusa ya koma hannun jihohi. A shekarar aka sake buɗe layin Schönbuchbahn tsakanin Böblingen da Dettenhausen da sababbin jirage masu zuwa a kai a kai, fasinjoji suka zarce hasashe nesa ba kusa ba, har daga baya aka sa masa lantarki. Jan bas ɗin kansa ya ci gaba da aiki har shekarar 2000, inda na ƙarshe suka sauka daga aikin yau da kullum na kamfanin jiragen ƙasa na Jamus a yankin Tübingen. Da yawa daga waɗanda suka rage suna hannun ƙungiyoyin masu kishin tarihin dogo, suna ɗaukar 'yan yawon buɗe ido, wani lokaci a kan layukan da ake muhawarar farfaɗowa yanzu.